Sharhi: Wayoyi 99 a cikin amalanke da darasin da ke ciki ga Kura da Bunkure

A watan Fabrairun 2020, wani mai fasaha ɗan ƙasar Jamus mai suna Simon Weckert ya fitar da bidiyon wani aiki nasa da ya ja hankalin duniya. Ya zuba wayoyin hannu 99 a cikin ɗan amalanke, ya kunna manhajar Google Maps a kowace, sannan ya riƙa jan su a hankali a titunan Berlin. Titunan kusan fayau suke, amma a kan taswirar sai suka rikiɗe ja, alamar cunkoso. Manhajar ta ɗauki kowace waya a matsayin mota.

Wannan reshe ne na fasaha wanda ba a auna shi da kyawun zane ko sassaƙa, sai da tambayar da ya bari a zuciyar mai kallo. Tambayar Weckert ita ce: idan mutum ɗaya da amalanke zai sa na'ura ta shaida abin da babu shi, me ya sa jama'a ke miƙa mata wuya?

Tambayar ta shafi manomin rani a Kura, Bunkure da Dawakin Kudu fiye da yadda ake zato. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a daidai lokacin kakar tumatur a filayen da ke shan ruwan madatsar Tiga. Tumatur ba ya jiran ciniki. Wanda ya saba ƙirga kuɗinsa a bakin gona ya koma duba fuskar waya, yana jiran alat kafin mota ta tashi da kwandunansa. Alat kuwa saƙo ne kawai. Ana iya ƙirƙirar na bogi, kuma ana iya cire kuɗi daga asusun mai saye su maƙale a hanya. Manomin bai zaɓi wannan amana ba, tilasta masa aka yi.

Haka ta faru da mai zaɓe. Hukumar INEC ta yi alƙawarin cewa na'urar BVAS da shafin IReV za su nuna sakamakon kowace rumfa. A ranar 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau shafin a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. A watan Oktoban shekarar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan bai isa ya soke zaɓen ba. Matasan da suka ɗauka na'ura ce za ta tsare musu ƙuri'a sun gano cewa doka ba ta ɗora mata nauyin da suka ɗora mata ba.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren, wanda Kano ta riga ta ɗanɗana. A Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta wallafa bidiyon da aka ce ya nuna gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli. Ya musanta, gwamnatinsa ta ce haɗa shi aka yi, kuma kotu ta dakatar da binciken da majalisar dokokin jihar ta fara. Jama'a suka rabu biyu, kowa ya gaskata abin da ya dace da ɓangarensa. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya kwaikwayon murya da fuska, ƙarya na iya shiga rigar gaskiya, gaskiya ma ana iya kore ta da kalma ɗaya: haɗi ne. Karin maganar nan ta gani ya kori ji ta fara rasa ƙarfinta.

Abin da amalanken Weckert ya tona shi ne na'ura ba shaida ba ce, tana maimaita abin da aka ba ta ne. Saboda haka muhimmin abu shi ne sanin wanda ya ba ta, da wanda zai amsa idan ta yi kuskure. A cinikin gargajiya dillali ne ke tsayawa, an san fuskarsa, an san gidansa, ana iya kai ƙararsa gaban sarkin kasuwa. Manhaja ba ta da ƙofar gida da za a yi wa sallama.

Mafita ba ta cikin jefar da waya. Ga manomi, ita ce duba abin da ke cikin asusu kafin a ɗaga kwando. Ga mai zaɓe, ita ce tsayawa a rumfa har a ƙirga, a sa hannu a takardar sakamako, a ɗauki hotonta. Ga 'yan majalisa kuma, ita ce rubuta doka da za ta ambaci wanda za a kama idan na'ura ta gaza. Kafin zaɓen 2027, wannan ce tambayar da ya kamata matasan Kano su riƙa yi wa duk mai neman ƙuri'arsu.