Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Magoya Bayan Baltimore Ravens

Zuwa ga magoya bayan ƙungiyar Baltimore Ravens ta ƙwallon Amurka,

Waɗanda suka yi ƙorafi a Maris 2024, lokacin da ƙungiyar ta ɗauki mai rugawa da ƙwallo Derrick Henry yana da shekara 30, suna da hujja, domin mai rugawa da ƙwallo, wato ɗan wasan da ake danƙa wa ƙwallo ya kutsa da ita cikin masu tsaro, jikinsa kan gaji da wuri saboda yawan karo. Sai dai kwantiragin na shekara biyu ne kacal a kan dala miliyan 16, kuma Henry ya ruga yadi 1,921 a kakarsa ta farko, yayin da hankalin masu tsaro ya rabu tsakaninsa da Lamar Jackson, mai jefa ƙwallo na ƙungiyar. Abin da ya cancanci muhawarar magoya baya yanzu shi ne ƙarin wa'adin da aka yi masa a 2025, wanda ya fi na farkon tsada.