Shawarma a Littafi, Gurasa a Ciki

'Yan'uwa marubuta, na gaji da jarumar labari 'yar Hadejia wadda ba ta cin komai sai shawarma. A unguwar Mission ta San Francisco a Amurka, har gobe ana gardamar wane shago, El Faro ko La Cumbre, ya fara naɗe ƙaton burrito a shekarun 1960. Fallen burodi ne fa kawai, cike da shinkafa, wake da nama! Mu ga alkama a fadamar Auyo, ga gurasa, wadda sunanta ma daga Larabci ya zo, a barbaɗe ta da ƙuli, a tula tsire, amma kunyar rubuta ta muke ji. Wa zai tambayi tsohuwar da ke bakin tanderu a wurin wa ta koya, kafin ƙasa ta rufe mata ido?