Dundumi: Suna Ɗaya, Cuta Uku

Wani ɗalibina, ɗan Tudun Wada, ya tare ni bayan lacca da kalmar purblind, wadda ya tsinta a wasan Romeo and Juliet na Shakespeare. Ƙamus ya ce masa mai gani dishi-dishi ne, amma a wasan kamar makaho ake nufi. Na ce duka biyun daidai ne. Wajen shekarar 1300 kalmomi biyu ne, pur da blind, kuma akasarin masana na ganin ta farkon daga Faransanci take, ma'anarta "zalla". Makaho ƙurmus ke nan. Zuwa ƙarni na 16 ma'anar ta sassauto, ta koma mai raunin gani.

Zamewar kalma a Ingila ba ta makantar da kowa ba. Tamu fa? A gida, mai dundumi shi ne wanda ba ya gani da zarar magariba ta yi, galibi saboda ƙarancin bitamin A, abin da hanta, manja da zogale kan magance. Amma a rediyo na ji an kira amosanin ido dundumi, na kuma ji an kira makantar rafi dundumi.

Wannan ta ƙarshen ce ta fi damuna, domin ta shafi kudancin Kano. Tsutsa ce da wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa, shi kuwa a ruwa mai gudu yake hayayyafa, irin na kogin Kano da ke ratsa dajin Falgore ya gangaro madatsar Tiga a Bebeji. Takan fara da ƙaiƙayi da kullutu a jiki, shekaru kafin ido ya taɓu. Tun 1987 kamfanin Merck ke ba da Mectizan kyauta, ana sha duk shekara, a daɗe ana sha, saboda uwar tsutsar kan kai shekara 15 a jiki. To, ka je wa manomi a Doguwa da "maganin dundumi", alhali yana ganin hanyarsa sarai bayan isha'i, me zai sa ya haɗiya?

Laifin ba na mai rabon magani ba ne. Namu ne, malaman harshe, da muka bar masu fassara suna laluben suna. Na dai ba ɗalibin aiki: idan ya je hutu, ya zaga Kiru da Doguwa, ya rubuto mini yadda tsofaffi ke kiran kowacce daga cikin ukun.