Yawan Wasiƙun Shaida Ba Ya Buɗe Ƙofar Makaranta

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, ɗaliban Arewa da suka yi nasara sukan shiga aikin haɗa dosiye. Waɗansu sun nufi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, waɗansu Jami'ar Doso wadda aka kafa a 2014. Akwai kuma masu neman gurbi da kuɗin karatu a manyan makarantun ƙasashen waje, inda masu nema suke da yawa, wuri kuwa kaɗan. Irin waɗannan makarantu galibi sukan buƙaci wasiƙar shaida daga malaman ɗalibi, kuma sukan faɗi adadin da suke so. Alal misali, makarantar MIT ta Amurka tana neman wasiƙa biyu daga malamai: ɗaya daga malamin lissafi ko kimiyya, ɗaya daga malamin harshe, adabi ko tarihi.

To, a nan ne iyaye da yawa suke kuskure. An ce biyu, su kuwa suna ganin biyar sun fi. Sai uba ya tashi daga Matankari, ko Dumega, ko Kore Mai Ruwa, ya sayar da buhun hatsi, ya bi hanyar Yamai, tafiyar kimanin kilomita 270 daga Dogon Dutsi, yana neman sa hannun wani babban ma'aikaci wanda bai taɓa ganin yaron ba. Niyyar uban mai kyau ce, amma a wannan fage sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba.

Dalili na farko shi ne, masu tantancewa suna duba dubban dosiye cikin ƙanƙanen lokaci. Abin da suke nema shi ne bayanin wanda ya san aikin ɗalibi: yadda yake warware lissafi, yadda yake tambaya a aji, yadda ya jure da tafiyar ƙasa zuwa lakwal. Babban mutum da bai koyar da shi ba, iyakarsa ya ce yaron ɗan gidan mutunci ne. Wasiƙu uku masu irin wannan yabo sukan danne guda ɗaya mai amfani. Na biyu, wanda ya ƙetare adadin da aka ƙayyade ya nuna tun daga ƙofa cewa bai kula da ƙa'ida ba.

Dalili na uku ya fi nauyi. A ƙasar nan kowa ya san cutar da ake kira PAC, wato dangi, abokai da sanayya. Saboda ita ne ake ɓoye sunan ɗalibi a takardar jarrabawa kafin a miƙa wa mai gyara. Yaron da aka koya wa tun yanzu cewa hatimin manya ya fi ƙwazonsa, haka zai riƙe ma'aikata gobe, ɗan talakan da ba shi da kowa kuwa shi zai kwana a ciki.

Akwai halin da ƙarin wasiƙa take da amfani: idan makarantar ta ba da izini, kuma mai rubutawa zai faɗi abin da malamai ba su sani ba, kamar likitan da ɗalibi ya yi aikin sa kai a asibitinsa. Guda ɗaya ta isa.

Saboda haka nauyi yana kan malaman lise na Dogon Dutsi da Tibiri. Wasiƙar shaida amana ce. Wajibi ne malami ya rubuta abin da ya gani da idonsa, ya kawo misali, ya aika kafin wa'adi ya cika, kuma ya yi wa ɗan manomi da ɗiyar manomi yadda zai yi wa ɗan attajiri. Iyaye kuma su karanta sharuɗɗa tare da ƴaƴansu, su bar hatsinsu a rumbu. Kuɗin motar da za a ɓata wajen neman sa hannu, gara a tanade shi domin guzurin yaro ranar tafiya.