Ɓarnar Da Shaye-shaye Ke Yi A Cikin Jini

A wannan mako za mu koma kan maganar nan da kowa ke yi da raɗa, watau shan kodin da tiramadol a tsakanin 'yan mata da matan aure.

Kina iya tunawa, a shekarar 2018 ne BBC ta nuna yadda ake cinikin maganin tari mai kodin a ɓoye, Gwamnatin Tarayya kuwa ta hana yinsa da shigo da shi. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a 2019, ya ce mutum miliyan 4.6 ne a Nijeriya suka sha irin su tiramadol ba don magani ba, kuma cikin kowaɗanne masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce. An toshe wata ƙofa, wata ta buɗe. A 2025 sai da ƙasar Indiya ta hana yin wani haɗin ƙwaya mai tapentadol da ake jigilarsa zuwa Afirka ta Yamma.

To, me waɗannan abubuwa ke yi a jiki? Jikinki, 'yar'uwa, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan murhuna da likitoci ke kira mitokondiriya. Su ne ke ƙona abincin da kika ci su mai da shi ƙarfi. Abin mamaki, murhunan nan suna da nasu rubutun gado, watau DNA, dabam da na sauran jiki, kuma daga wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Na ɗanki naki ne, ba na maigida ba. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da murhun, amma farare, masu yaƙi da cuta, suna da shi, saboda haka da ɗan jini kaɗan ana iya auna yawan wannan DNA.

Haka wasu masana na birnin Kunming a ƙasar Sin suka yi, suka buga sakamakon a 2013. Sun tarar DNA ɗin murhunan ya ragu a jinin mutanen da hodar heroin ta kama, in an gwada da na masu lafiya. Da suka daɗe suna ba ɓeraye mofin, sai suka ga irin wannan raguwa a jininsu da kuma sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunani. Dalili kuwa, ƙwayar halitta tana da al'adar cinye kayanta da suka lalace, kamar dai mace ta share ɗaki ta ƙone shara. Mofin yana sa sharar nan ta wuce kima, har a haɗa da murhun.

Za ki ce ai su heroin suka duba, mu kuwa kodin ne damuwarmu. Gaskiya ne, kuma kada mu ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba. Amma fa ki sani, duk dangi ɗaya ne. Kodin in ya shiga jiki, hanta na juya wani kashi nasa ya zama mofin ɗin nan, ita ma heroin mofin take komawa.

Masanan sun kuma ga sinadarin melatonin, wanda jiki ke fitarwa da dare, ya rage ɓarnar a jikin ɓeraye. Ina roƙonki kada ki ruga kemis saboda wannan. Ɓera dabam, 'yarki dabam.

Binciken bai shafi gado ba, jini da ƙwaƙwalwa ya duba. Abin da likitoci suka daɗe da tabbatarwa shi ne, mai cikin da ta saba da shan waɗannan ƙwayoyi tana iya haifar jaririn da shi ma ya saba da su. Cikin 'yan kwanaki sai ya kama kuka mai tsanani, da karkarwa, da zawo, ya ƙi kama nono. Kuma bari farat ɗaya yana da haɗari ga mai ciki, sai da kulawar likita.

Nan ne nake ganin muna kuskure. Yarinya ta kamu, sai a ce iskanci ne, a kulle ta a ɗaki don kada dangin miji ko masu neman aure su ji. A 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Cutar da ta kai ga ƙwayoyin jini, ina sarƙa za ta same ta? Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. In kin ga kwalabe a ƙarƙashin gado, ko barcin rana marar dalili da kasala, ki zaunar da ita, ki sa mayafinki ku tafi tare.