Rumbunan kiɗa na intanet: Ko har yanzu ƙananan makaɗa na da abin samu?

Duk wanda ya saba kallon bidiyo a YouTube ko talla a talabijin ya sha jin wani kiɗa na tashi a ƙarƙashin muryar mai magana, ba tare da ya san wanda ya tsara shi ba.

Akasarin irin wannan kiɗa daga rumbuna ake samo shi, wato kamfanonin da ke tara dubban kaɗe-kaɗen da aka riga aka shirya, suna bayar da lasisin amfani da su ga masu shirya fina-finai da tallace-tallace.

Kusan shekaru ashirin ke nan wannan harka tana samar wa makaɗa da dama ɗan abin rage zafi a bayan aikinsu na yau da kullum. Sai dai alamu na nuna ƙofar tana ƙara tsukewa.

Tsohuwar sana'a

Harkar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Kamfanin De Wolfe na birnin London ya soma tun 1909, lokacin da ake buga kiɗa kai tsaye a gidajen silima saboda fina-finan ba su da sauti. Daga rumbun KPM na Birtaniya kuma aka ɗauko "Heavy Action" na Johnny Pearson, wanda daga baya ya zama taken shirin ƙwallon Amurka na daren Litinin.

A wancan tsari makaɗi yana riƙe da kasonsa na haƙƙin mallaka. Duk lokacin da aka sa kiɗansa a talabijin, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu za ta karɓo masa kuɗi, ko da bayan shekaru talatin ne.

Zuwan intanet ya buɗe ƙofar ga kowa. Shafuka irin su Pond5 da AudioJungle sun bai wa duk mai kwamfuta a ɗakinsa damar ɗora kiɗa ya jira mai saye. Kasuwar ta ƙara buɗewa bayan 2007, lokacin da YouTube ya ɓullo da tsarin Content ID mai gano kiɗan da aka yi amfani da shi ba da izini ba, abin da ya tilasta wa masu bidiyo neman kiɗa mai lasisi.

Ina kuɗin ke tafiya?

Kuɗi kam akwai su. A 2021 kamfanin Epidemic Sound na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 2009, ya samu jarin dala miliyan 450, aka kuma ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 1.4. Shutterstock ya sayi Pond5 a 2022 kan dala miliyan 210.

Abin tambaya shi ne nawa ke isa hannun makaɗi.

Epidemic Sound ya gina kasuwancinsa ne kan biyan makaɗi kuɗi nan take, ya mallake kiɗan, sannan su raba abin da aka samu daga manhajojin sauraro irin su Spotify. Ƙungiyoyin masu tsara kiɗa na Turai, ciki har da ECSA, sun soki tsarin da cewa yana raba mutum da abin da zai ci gajiyarsa a gaba. Kamfanin kuwa na ganin kuɗi a hannu ya fi alƙawarin da ba a san ranar cikarsa ba, kuma ga matashin da ke neman kuɗin haya wannan hujja ba ta wasa ba ce.

Daɗin daɗawa, yawancin masu saye sun koma biyan kuɗin rajista na wata-wata, suna kwasar kiɗa iya son ransu. Da haka darajar kowane kiɗa ɗaya ta faɗi, kuma mai neman abin kirki sai ya tara ɗaruruwa a rumbu.

Na'ura ta shigo kasuwa

Babbar barazanar ita ce ƙirƙirarriyar basira. Kiɗan rumbu an tsara shi ne don kada ya ja hankali, ba a kuma neman sunan mai shi, kuma irin wannan ne ya fi sauƙin kwaikwayo ga manhajoji kamar Suno da Udio.

Wani bincike da CISAC, gamayyar ƙungiyoyin haƙƙin mawaƙa da marubuta ta duniya, ta fitar a watan Disamban 2024, ya yi hasashen cewa nan da 2028 kiɗan na'ura zai kwashe kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin shigar rumbunan, idan aka kwatanta da kashi 20 a manhajojin sauraro. Hasashe ne, daga ɓangaren da ke da ruwa da tsaki a rikicin, amma ratar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta nuna wanda zai fara ji a jikinsa.

Wani abin takaici ga makaɗan shi ne da aikinsu ake koyar da na'urorin. A 2023 Stability AI ya horar da manhajarsa da sautuka sama da 800,000 daga rumbun AudioSparx, a shekarar ce kuma Shutterstock ya ƙulla yarjejeniyar shekara shida da OpenAI wadda ta haɗa da rumbunsa na kiɗa.

Manyan kamfanoni na da ƙarfin kare kansu. Universal da Sony da Warner sun maka Suno da Udio a kotu a 2024, daga baya a 2025 Universal ya sasanta da Udio, Warner kuma ya sasanta da duka biyun. Wanda ya riga ya sayar da haƙƙinsa kacokan ba shi da kujera a irin wannan zama.

Ga makaɗan Najeriya, mai kalangu ko goge na gaske yana da sautin da bai cika rumbunan ba tukuna. Amma riƙe haƙƙi ba ya amfani sai da mai karɓo kuɗin, kuma an shafe shekaru ana taƙaddama tsakanin ƙungiyoyin COSON da MCSN, har hukumar kare haƙƙin mallaka ta dakatar da lasisin COSON a 2018, kafin a sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023.