Kan da ke yawo ba gangar jiki

Jama'a, akwai ƙarar da mutum ke jin nauyin kawowa a lokacin da buhun gero ke gagarar magidanci, albashi kuma ke ƙarewa tun wata bai raba ba. In na ce yau a kan kalma guda zan yi faɗa, kalmar ma ta Ingilishi, na san akwai mai cewa ɗan jarida ya ƙoshi. To, a yi haƙuri a saurara, domin a bayan kalmar nan na ga an ɓuya da kuɗin wani dattijo har wata huɗu.

Kawuna ɗan kasuwa ne a Gangara, wadda da take ƙarƙashin Agye kafin a yanke Gazawa ta zama gunduma a 2011. Sana'arsa sayen riɗi da aya da wake daga hannun manoma, ya tara, ya tura Kano, inda dillalan kasuwar Dawanau da kamfanonin fitar da kaya ke jira. Bai yi lakwal ba, allo ya yi. Da ajami yake riƙe lissafinsa, kuma ban taɓa jin dala ta ɓace masa ba. Bayan kakar 2024 wani kamfani, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya aiko masa da takarda cikin Ingilishi. Da yake ni ne ɗan ƙanwarsa da ya je jami'a a Yamai, ni aka kira, ko da yake da Faransanci na yi karatu, Ingilishin nawa na kolej da lise ne da ɗan abin da aiki ya ƙara mini.

Mai takardar, jami'in saye na kamfanin, ya rubuta cewa a aika da takardar kaya zuwa ga "myself", in akwai tambaya a nemi "myself", farashin ma "myself" da manajansa suka yanka shi. Sau huɗu cikin layi tara. Na fassara kamar yadda aka rubuta, na ce: "Kawu, ga abin da ya ce: ka aika wa kaina takardar kaya, in kana da tambaya ka nemi kaina." Tsohon ya dube ni ya ce: "Ɗana, shi wannan bawan Allah kansa wani gida yake dabam da gangar jikinsa? In na je Kano wanne zan tambaya?"

Maganar tsohon nahawu ce tsantsa, ko da bai san sunanta ba. Bahaushe in yana son ya nuna aiki ya koma wa mai yinsa, da kalmar kai yake nunawa: yaro ya yanke kansa, mashayi ya cuci kansa, mun yaudari kanmu. In ƙarfafawa yake so, sai ya ce ni kaina na gani, sarki kansa ya ji. In kuwa yana nufin ba aike ba wakili, sai ya ce wane ya zo da kansa. Duka ukun sharaɗinsu guda ne: sai an fara tsai da mai kan, sannan a ɗora masa kan. Ba a cewa "ka ba kaina", domin kai ne mai bayarwa, ni ne mai karɓa, aikin bai koma inda ya fito ba. "Ka ba ni" ita ce magana. Dokar Ingilishi ma haka take. Kalmar "myself" abokiyar tafiyar "I" ce, sai ta fito take bin ta. Wanda ya ce wa abokin cinikinsa ya nemi "myself" ya ɗora masa aikin da duk duniya ba mai iya yinsa sai shi mai maganar. Kalmar da ya tsallake ƴar ƙarama ce, harafi biyu: "me".

Me ya sa ake gudunta? A makarantun masu Ingilishi malamai sun daɗe suna tsawata wa yara kan faɗin "me" inda "I" ta dace, har yaran suka girma suna tsoron kalmar ko a inda take da haƙƙin zama, suka fake da doguwar ƴar'uwarta. Wannan dalilin abin tausayi ne, kuma mu da iyayenmu suka sha rataya sambol a wuya don sun yi Hausa a filin lakwal mun san yadda bulalar mushe ke bin mutum har furfura. Dalili na biyu shi ne nake faɗa da shi. "Me" ba ta cika baki, kowane ɗan dako yana da ita. "Myself" kuwa babbar riga ce mai aiki, in mutum ya sa ta a takarda sai ya ji kujerarsa ta ƙara tsawo. A ƙasar Ailan, in aka ce "himself" ba tare da suna ba, maigida ake nufi, ko wanda ke da faɗa a ji a wurin. Akawun da ke kiran kansa "myself" sau huɗu a layi tara wannan sarautar yake naɗa wa kansa.

Masana za su ce mini abin ba sabo ba ne, tun zamanin Shakespeare ana samunsa a rubuce, harshe kuma rafi ne, ba ya tsayawa don ɗan jarida ya yi fushi. Wasu za su ƙara da cewa ina ruwan ɗan lakwal na Faransanci da gyaran Ingilishin mutanen Kano. Na yarda da ta farko. Da a nan abin ya tsaya, da na yi dariyata tare da Kawu na koma Maraɗi.

Kaya suka tafi, buhu ɗari da hamsin na riɗi. Wata biyu ba labarin kuɗi, manoman da suka ba Kawu kaya bisa amana suna sallama a zaurensa safe da yamma. Sai ga takarda ta biyu daga ofis ɗin nan dai. Ga fassararta: an lura cewa ingancin kayan bai kai yadda ake so ba, an yanke shawarar rage farashi, za a sanar da ranar biya. Na bi ta layi layi da yatsa. Babu "myself", babu "I", babu sunan kowa a ƙasa, sai hatimin kamfani da wani zane da ba ya karantuwa. Kawu ya ce: "To, ina kan nan ya shiga?"

Wannan ita ce ƙarata. Ma'aikacin biro yana fito da kansa inda ake rabon girma, ya ɓoye shi inda ake ɗaukar alhaki. Ranar karɓar kaya shi ne kai, shi ne ƙafa. Ranar biya kuwa sai aikin ya yi kansa: an lura, an yanke, za a sanar. Kalmar da aka yi domin mutum ya bugi ƙirji ya ce ni da kaina na aikata, ita aka mayar ado, aka ƙi ta a wurin da take da aiki.

Ma'aikatanmu na gwamnati, kada ku yi saurin dariya ku ce cutar ta ƙetaren iyaka ce. Faransancin biro ɗinmu ya fi ƙwarewa. Wa bai taɓa zama a bikin buɗe rijiya ko ajin lakwal ba, ya ji mai jawabi yana jera "le Directeur et moi-même" kamar shi ya haƙa da farcensa? Wa kuma bai taɓa bin takardar ƙarin girma ko ta fansho ba, bayan ya sha hanya daga Gidan Rumji ko Tasawa, sakatare ya ɗago kai ya ce masa "votre dossier s'est égaré"? Ku tsaya ku auna wannan jimlar, ku da kuka sha wuyar fi'ilan nan masu komawa kan mai yi a jarrabawar shifta. Nahawun Faransanci ya yarda da ita, ban musa ba. Amma abin da take faɗa kalma kalma shi ne dosiye ya ɓatar da kansa. Wato takarda ta tashi da dare, ta buɗe durowa, ta kama hanya. Ba wanda ya karɓe ta, ba wanda ya aza gora a kanta, ba wanda ke jiran a ga ido kafin ta dawo. Yaron da ya fasa tulu ya ce tulu ya fashe, uwarsa ta san abin da take yi masa. Mu kuwa sai mu yi godiya, mu tafi mu sake haɗa wani dosiye.

Abin haushin, biro ɗin nan ya san amfanin kalmar sarai in ya juyo kan talaka. Duk takardar da za ka kai sai ta fara da "je soussigné", ni wane ɗan wane, an haife ni wuri kaza, na sa hannu da kaina, ga tambur na manna, wanda maƙwabtanmu ke kira kan sarki. Talaka sai ya kawo kansa da kan sarki. Amsar da za ta fito kuwa "il a été décidé" ce, a ƙasa an sa hannu a madadin darakta bisa umarni, ba ka san mai hannun ba, ba ka ga mai umarnin ba.

Kada a ɗauka wannan wasan kalmomi ne. Taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin André Salifou, ya kafa hukumar binciken laifuffuka da cin amanar ƙasa, kuma babban aikinta neman sunan da ke bayan "an". An harbi ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, an kwashe dukiya, an tsare mutane: wa ya harba, wa ya ba da umarni, wa ya sa hannu? Ƙasar da ta kwashe wata uku tana tambayar "wa?" bai kamata ta manta cewa jimla mara mai aiki ba banza take zuwa ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne lokaci ya canza. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ma'anarsa, Ingilishi ya sami kujera a biro ɗinmu, ma'aikatanmu kuma za su koye shi daga inda ya fi kusa: daga takardun kamfanoni, da na ƙungiyoyin agaji, da na abokan ciniki na Katsina da Kano. Wanda ya koyi harshe a bakin akawu, da cutar akawu zai tashi. Ma'anarsa ta biyu, za a buƙaci takardun hukuma cikin Hausa, kuma masu fassara su ne mu ɗin nan da muka saba tunani da Faransanci. Alamun sun riga sun bayyana. Na ji mai sanarwa a rediyo yana cewa duk mai ƙorafi ya kai wa "shi kansa shugaban da kansa", kai biyu a wuya guda. Na ga takardar gayyata da aka rubuta "a madadin kaina da iyalaina", kamar mutum yana iya wakiltar kansa a inda yake tsaye. Harshen da ya ba mu ƴancin kai da haɗin kai da sanin ciwon kai, ya kuma ba mu son kai da girman kai don mu san bambanci, bai cancanci a mayar da shi haka ba.

Akwai mai cewa ai "an" da "a" ladabi ne a Hausa. Gaskiya ne, kuma ba ni zan raina shi ba. An wuni lafiya, a sauka lafiya, a gaida gida: wannan kunya ce, irin wadda ke hana uwa kiran sunan ɗan farinta. Amma Bahaushen da ya ƙirƙiro wannan ladabin bai taɓa kai shi wurin bashi ba. A kasuwar Gazawa in aka yi cinikin sa, dillali yana kama hannun mai saye da na mai sayarwa, a ce wane ya sayar wa wane, wane da wane shaida. Ba a taɓa jin an ce an saya, za a biya, kowa ya watse ba.

Saboda haka ina kira ga ma'aikata: takardar da ta shafi kuɗin mutum, ko filinsa, ko aikinsa, ta fito da sunan wanda ya yanke hukuncin da muƙaminsa, a rubuce yadda ake karantawa, ko da wane harshe aka rubuta ta. In dosiye ya ɓace, a faɗi teburin da ya kwana na ƙarshe. Masu koyar da Ingilishi a kolej da lise su gaya wa yara "me" ba zagi ba ce. Ku kuma alhazai, in ɗanku na karanta muku takarda ya ce "an yanke shawara", ku tsai da shi ku ce wa ya yanke, in babu suna ku mayar da ita a sa. Ku ne masu kaya, ba roƙo kuke yi ba.

Kawu dai da ya gaji ya shirya ya tafi Kano da kansa, ya bi ta Katsina. Ya kwana uku yana zama a benci kafin ya ga jami'in, wani saurayi mai fara'a wanda ya rantse masa cewa shi ba shi da hannu, daga sama abin ya zo. An biya shi a wata na huɗu, bisa ragaggen farashi, ya cika wa manoma gibin daga aljihunsa. Da kamfanin ya sake aiko masa yana neman aya, ni ya sa na rubuta amsa, ya ce in sa ta cikin Hausa, su ma su nemi mai fassara. Ga yadda ya shifta mini: ni wane na Gangara, ni na auna, ni zan ɗora a mota, in an sami tsakuwa a buhu ni za a kama, wane ne a cikinku zai biya, kuma ran yaushe? Har na baro garin ba su amsa ba, ayar kuwa ya sayar wa wani mutumin Jibiya da ya zo da kuɗinsa a hannu.